A Koya Wa Matasanmu Gane Zinariyar Gaske

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wata asara da ke damuna a nan Jos. Kwanakin baya ɗan maƙwabcina ya kawo mini ƙullin duwatsu masu ƙyalli a leda, waɗanda ya sayar da babur ɗinsa ya saya, yana murna ya samu zinariya. Na ɗora ɗaya a kan dakali na buga masa guduma, nan take ya farfashe ya zama baƙin gari, yaron kuma ya zauna ya yi tagumi. Dutsen da ake kira fairayit ne, wato haɗin ƙarfe da farar wuta.

Zinariya ba ta farfashewa, idan aka buge ta sai dai ta baje, domin tana da laushin da tsinin wuƙa ma yake shiga jikinta. Nauyinta ya ninka na ruwa sau 19, alhali na fairayit kusan sau 5 ne kawai, shi ya sa idan ana wanke yashi a kasko ita ce take kwantawa a ƙasa bayan komai ya tafi. Idan aka goga ta a gindin tangaran inda babu santsi, rawayan layi take bari, shi kuwa fairayit baƙi-baƙi yake bari. Ba ta tsatsa, kuma launinta yana nan ko an kai ta inuwa, sai dai launin yakan yi fari-fari idan azurfar da ke cikinta ta yi yawa. Ɓarɓashin nan mai walƙiya da muke gani a rafukanmu kuwa, yawancinsa maika ne, wani ma'adini mai ɓarewa falle-falle, ruwa ma tafiya yake da shi.

Filato da kuza aka san ta, zinariya ta fi yawa a wurare irin su Anka, Birnin Gwari da Yawuri, don haka duk wanda aka tallata wa ita a nan ya yi hattara. Kada kuma a daka dutse a cikin gida, domin ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara kusan 400 a Zamfara saboda niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a tsakar gida.

Ina roƙon hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa da ke Abuja ta riƙa yin wannan bayani da Hausa a rediyo, ku ma ku ware masa shafi.

Naku,
Mai karanta jaridarku, Jos.