Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Malaman Lissafi

Assalamu alaikum, malamai 'yan uwa.

Tarukan wata-wata duk an yi su, in ban da na watan azumi.

Abin alfaharinmu bana shi ne bikin Ranar Lissafi ta Duniya. Da yake 14 ga Maris ta faɗo cikin azumi, sai muka ɗaga shi zuwa bayan Sallah, kuma alhamdulillahi ajin ya cika maƙil, wasu yaran ta taga suke leƙe. Rukuni ɗaya ya auna bakin rijiya da igiya, ya raba kewaye da faɗi, ya samu kusan 3.14. Wani rukunin ya ɗauki Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, yaran suka lissafa cewa in ya koma 2,500, kashi 90 cikin 100 ke nan ya tafi. Amma wadda ta fi burge ni wata 'yar aji biyu ce. Ta ɗaga ledar fiya-wata, ta nuna leda 50 ce ke cika jarkar ɗan garuwa mai lita 25, sannan ta ce gidan da ke shan leda 20 kullum yana zubar da 7,300 a shekara, yawancinsu a kwata. Aka yi tsit, can sai tafi ya ɓarke. Malaminta ya ce da, ko ninki ba ta son yi.

Ɗan littafin darussan muhalli da muka yi alkawari bai fito ba, kuma ina jin ƙorafin da ake yi. Kwamiti bai yi sakaci ba. An rubuta darasin ambaliya da na tsadar sufuri bayan cire tallafin mai a 2023, mai ɗab'i kuwa ya ce sai an ba shi kafin alƙalami, asusu kuma babu. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba. Na kira, na tura saƙo a WhatsApp, wasu har makarantunsu na bi su da kuɗin motata. Abin da ya fi ciwo, waɗanda ba sa zuwa taro su ne kan gaba wajen tambayar ina littafi.

Dashen itatuwa ma ya tsaya, damina ta wuce ba mu sayi ko ɗaya ba. Don Allah mai bashi a kansa ya same ni kafin taro na gaba, littafin rasit yana hannuna.