Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Rabonmu a Kwangilolin Gine-ginen Gwamnati a New York

Assalamu alaikum iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan uwa magina, kafintoci, masu walda da masu wayarin.

Akasarin ƙarfinmu bana ya tafi ne kan takardar shaidar MWBE, wadda ke tabbatar da cewa kamfani na tsirarun al'ummomi ne, kamar baƙaƙen fata, ko na mata. Tun 2014 jihar New York ta sa burin kashi 30 cikin 100 na kuɗin kwangilolinta ya shiga hannun irin waɗannan kamfanoni. Shi ya sa babban ɗan kwangila, in zai nemi aikin makaranta ko gada, sai ya rubuta ƙananan kamfanonin da zai yanka wa aiki da kuɗin kowa. In bai cika kason ba, sai ya kawo hujjar cewa ya nema da gaske bai samu ba.

Mun yi zaman cike takardu a Bronx, kowa da jakar takardun harajinsa. Sharuɗɗan samun shaidar sun haɗa da: aƙalla kashi 51 cikin 100 na kamfanin naka ne, kai ke tafiyar da shi, kana da takardar zama ɗan ƙasa ko girin kad, kamfanin kuma ya shekara yana aiki. Ku tuna takardar jiha daban, ta birni daban.

Abin da ya fi tayar wa kwamiti hankali shi ne aron suna. An zo wa wasu mambobinmu da tayi: a sa sunan kamfaninka, a ba ka ɗan wani abu, ko shebur ɗaya ba ka ɗaga ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Doka tana so a ga ma'aikatanka da kayan aikinka a wurin, kai ne mai odar siminti, kai ne mai biyan albashi. Ranar da masu bincike suka zo, sunanka ne a takarda, kai za a kira, kuma an sha gurfanar da mutane a kan wannan. Waɗanda suka kawo mana maganar kafin su sa hannu, Allah ya saka musu.

Jinkirin biya ma ya ci wa wasu tuwo a ƙwarya. Mutum ya gama fenti, ya biya yaransa daga aljihunsa, sai a ce a jira gwamnati ta biya babba tukuna. Asusun rancenmu ya tallafa, amma bai isa ba.

A watan Oktoba Ma'aikatar Sufuri ta tarayya ta sauya ƙa'idar shirin DBE, wanda ke taimaka wa ƙananan kamfanonin mutanen da aka tauye su samu kwangilolin sufuri: launin fata ko jinsi kaɗai ba ya wadatarwa, sai kowa ya kawo bayanin tauyewar da shi kansa ya fuskanta. Masu ayyukan hanya da jirgin ƙasa su ga sakatare.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a taron bayan ƙaramar Sallah. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin nan.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti