Wasiƙa: Farantin nan mai launi na bakin layin dogo ba kwalliya ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da mutane ke wucewa ta gabansa kullum ba su san aikinsa ba, musamman mu nan Jos da jirgi ya dawo zirga-zirga tsakanin Terminus da Bukuru zuwa Kuru bayan layin ya daɗe a kwance har wasu sun mai da shi wurin kasa kaya da shanya.

Jirgin ƙasa dai ba shi da sitiyari, ƙarfen layi ne ke juya shi. Inda layi ya rabu biyu akwai wasu ƙarafa biyu masu siririn baki, ma'aikaci ya ja hannun na'urar da ke gefe sai su matsa 'yan inci kaɗan, shikenan jirgi ya miƙe ko ya ratse. To direba da ke tahowa daga nesa ina zai hango matsin 'yan inci? Shi ya sa aka kafa sanda a kan na'urar aka ɗora mata faranti biyu a gicciye, kowanne da launinsa, in an ja hannun sandar ta juya digiri 90, ɗaya ya fuskanci direba ɗayan kuma ya ba shi gefe ya zama kamar babu shi.

A Amurka da Kanada inda irin wannan ya fi yawa, kore ko fari na nufin an saita wa jirgi hanyarsa ta kullum, ja kuma na nufin an karkatar da babban layi zuwa na gefe. A nan ne mutane ke ruɗewa, suna ɗauka irin danjar titi ce, ja tsaya kore wuce. A'a, farantin ba ya cewa hanya babu kowa, yana faɗin inda ƙarfe ya fuskanta ne kawai, kana iya ganin kore alhali tarago na tsaye a gaba. Jan da aka sa na babban layi dalilinsa jirgi mai gudu in ya faɗa layin gefe bai shirya ba to sai dai Allah ya kiyaye. Cikin yadin tasha kuwa inda ake shantin, wato haɗa taragai da raba su a hankali, yawanci ruwan ɗorawa ake sawa maimakon ja, tunda can ratsewa ita ce aikin yini. Wasu kamfanonin ma har shunayya suna sawa a kan ƙarfen da aikinsa shi ne da gangan ya kayar da taragon da ya kuɓuce kafin ya hau babban layi. Kuma kowane kamfani da littafin dokarsa, ba dole launin wannan ya zo ɗaya da na wancan ba, shi ya sa ake bambanta siffar ma, wani zagayayye wani kamar kibiya, ko fenti ya koɗe direba ya gane. Da can da dare fitilar kananzir ake ɗorawa mai gilasai masu launi, yanzu fenti mai ƙyalli ne da ke amsa hasken fitilar jirgi.

Namu tsohon layin tsarin Ingila muka gada, jirgin Kafanchan ya iso Jos tun 1927, amma hikimar ɗaya ce, dole a samu alamar da ke gaya wa direba ina ƙarfe ya dosa. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 an yi shi da injin lantarki mai juya layi da fitilun sigina, duk da haka jirgin da ya sauka daga layi a tashar Asham cikin Agustan 2025 a daidai wurin sauya layi ne abin ya faru, kaga wurin ba na wasa ba ne.

Abin da ya fi damuna yara. Dutse ɗaya in ya maƙale tsakanin siririn ƙarfen da babban ƙarfe bakin ba zai rufe ruf ba, shi ya sa ma'aikaci na ƙwarai ba ya yarda da faranti kaɗai sai ya leƙa ƙarfen da idonsa. Ga masu rataya buhu ko tallar takarda a jikin sandar, ga 'yan jari bola da duk ƙarfen da suka gani kilo suke gani wallahi. Jirgin kaya mai nauyi in yana gudu sai ya ci fiye da kilomita ɗaya kafin birki ya tsayar da shi, balle ga hazon hunturun Jos da safe.

Roƙona ga hukumar jiragen ƙasa, a sabunta fentin alamomin nan, a sa kwaɗo a hannun kowace na'ura, sannan a turo ma'aikaci ɗaya gidan rediyo ya yi bayanin launukan namu da Hausa. Masu unguwannin da layi ya ratsa da malaman Islamiyya su ma a sa su cikin maganar, su yara suka fi ji.

Na gode Malam Edita.

Mai karatunku,
daga Bukuru, Jos