Yayana ya ƙwace mini fasfo, saura kwana 12 tafiyata

Assalamu alaikum Anti. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya mutanen gida. Don Allah idan za ki karanta wannan kada ki faɗi unguwarmu, domin matar yayana ba ta barin shirin nan ya wuce ta, kuma ita ce ummul'aba'isin duk abin da ya same ni.

Jiya bayan sallar isha'i Yaya ya shigo gidanmu, ko gaisawa da Umma bai tsaya yi ba, ya wuce ɗakina ya ɗaga katifa ya ɗauke fasfo ɗina. Bai yi lalube ba, kai tsaye ya je inda yake, ke nan an gaya masa. Ya zura shi a aljihun gaban farar jallabiyarsa, ina hango koren bangon ta cikin yadin. Na riƙe hannunsa ina roƙonsa, ya fizge, ya ce muddin yana numfashi babu 'yar gidan nan da za ta tafi yawon duniya. Umma tana zaune a tabarma tana tsintar wake a faifai, ko kai ba ta ɗago ba. Wallahi Anti ban runtsa ba har aka kira asalatu.

Bari in koma baya. Shekarata 26, ina koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta, da yamma kuma ina yin cincin da alkaki na masu biki. Albashin bai taka kara ya karya ba. Shekara biyu ina zubin adashe, ankon biki nawa na bari ya wuce ni, wayata gilashinta a fashe yake tun bara ban canza ba. Fasfon nan kaɗai naira dubu 100 na biya, mai shafi 32 na shekara biyar. Da na yi shi da wuri da dubu 50 ne, amma na tsaya jiran kwasar adashe har aka ninka kuɗin a Satumban 2025. Babu sisin kowa a ciki. Shi Yaya da ya sa shi a aljihu bai san ko hoton da ke ciki yaushe aka ɗauka ba.

Gana nake son zuwa. Na san za ki ce me ya kai 'yar Kano Gana. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, tun muna yara take ba mu labarin mahaifinta, bafatake ne, da jakuna suke tashi daga nan zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, sayen goro, su yi watanni a hanya, su kai kanwa da baƙin yadi na rini su dawo da huhun goro. Kullum sai ta ambaci kasuwar Salaga kamar ta taɓa ganinta, alhali ko Zariya ba ta wuce ba. Da na shiga jami'a tarihi na karanta, a nan na ji labarin Malam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Tun ranar na ƙudurta sai na taka ƙasar nan da ƙafata. Ba wajen namiji za ni ba, ba neman aiki za ni ba, ba rawa za ni ba.

Kuma ban tashi da ka ba. Komai yana rubuce a bayan littafin tsara darasina. Zan hau babbar bas daga Sabon Gari zuwa Legas, in kwana a mota. Daga Legas in shiga wata da za ta bi ta iyakar Seme, ta ratsa Kwatano, ta wuce Lome, ta shiga Gana ta Aflawo har Akra. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, ƙa'idar ECOWAS ta ba shi kwana 90, ni kwana goma kawai nake so. Na yi allurar rigakafin cutar shawara, katin nan ruwan ɗorawa da ake tambaya a iyaka yana hannuna, shi Allah ya sa a cikin jakar Alƙur'anina na ajiye, Yaya bai gan shi ba. Na je Wapa na canji 'yar sefa saboda ruwa da abinci a Benin da Togo, sidi, kuɗin Gana, kuma sai na isa can. A Akra unguwar Nima zan sauka, zango ne, Hausa ake yi a titi, ana sayar da koko da ƙosai da safe, ga wake da shinkafa da suke kira wace, ba zan kashe kuɗin abinci mai yawa ba. Zan yi Juma'a a babban masallacin Kanda da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, sannan in hau mota zuwa Kumasi, in wuce Tamale, daga nan Salaga.

Matar Yaya kuwa, wata uku da suka wuce ta zo neman aron dubu 200 wai za su yi wa ƙanwarta kayan ɗaki. Na ce ba ni da su. Ta ce ai mai adashe ta gaya mata na kwasa. Da ta matsa mini sai na yi wautar gaya mata gaskiya, na ce kuɗin tafiya ne, ta rufa mini asiri. Ta yi murmushi ta ce Allah ya kai ki lafiya. Tun zuwanta gidan nan ba ta ƙaunar ganin ci gabana, ko sabon mayafi na sa sai ta tambayi kuɗinsa. Ta zauna da maganar a cikinta har sai da ta ga lokaci ya matso sannan ta fasa ƙwan.

Yaya ya kawo hadisin da ya hana mace tafiyar yini da kwana ba muharrami. Na san shi Anti, na yi Islamiyya, kuma ina tsoron Allah, kada masu sauraro su ɗauka ina ja da maganar Manzon Allah (SAW). Amma lokacin da aka tura ni hidimar ƙasa jihar Kwara, shekara guda cur ni kaɗai, shi ya kai ni tasha da kansa. Alawus ɗin dubu 33 da ake ba mu sau nawa yana kira in tura masa dubu biyar ya sa mai. A lokacin ban ji hadisi a bakinsa ba. Ita kanta Saudiyya tun 2022 ta bar mata su je Umra ba muharrami. Na ce to ya raka ni, ya ce shi ba shi da lokacin shirme. In ƙanena ne zai raka ni kuma, fasfonsa da kuɗin motarsa kaɗai za su cinye rabin abin da na tara.

Ya kuma kawo labarin 'yan matan da ake safara zuwa Libiya, da ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwaya da aka maƙala wa sunanta, sai a 2019 aka sake ta. Ai ita da iyalinta ta tafi, bai hana ƙaddara ba. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma iyakokin nan uku suna faɗar mini da gaba, an ce ana sauke mutane a yi ta neman na goro, kuma ba na jin Faransanci ko kaɗan. Matar da za ta nema mini masauki a Nima ma a Facebook muka haɗu, amma mutuniyar kirki ce, mun fi shekara muna magana, har 'ya'yanta na gani a waya.

Na manta ban gaya miki ba, an sa mini rana, bayan babbar sallah. Wanda zan aura ya san da maganar tun farko, dariya ya yi ya ce in sayo masa tsaraba. Jiya Yaya ya kira shi, yau da safe sai ga saƙon murya, wai idan na tsallaka Seme in ɗauka na tsallake shi. Ya ce in bari a yi biki zai kai ni Umra. Haka aka yi wa aminiyata alƙawari, yau shekararta huɗu a ɗaki, gidan suna ma sai ta roƙa kwana biyu.

Baba bai sani ba har yanzu, yana gidan amaryarsa. Umma kuma Legas na ce mata za ni wajen ƙawata, ai ta Legas ɗin zan bi, niyyata in na isa Akra in kira ta in yi mata bayani, don hawan jini gare ta. Tun jiya ba ta ce mini uffan ba, da safe na gaishe ta ta amsa tana kallon bango.

Wata ta ce in je in yi rantsuwa a kotu cewa fasfon ya ɓata a ba ni wani, amma ba zai fito a kwana 12 ba, ga shi na riga na biya kuɗin motar Legas, hutun makaranta kuma mako uku ne kacal. Shin in kai ƙarar Yaya wajen Baba, ko in je wajen kawunmu da yake jin maganarsa? Kuma Anti, namijin da kiran waya ɗaya ya juya shi a dare ɗaya, in shiga gidansa? Ki fara gaya mini abin da zan ce wa Umma yau da daddare, don ba zan iya sake kwana tana juya mini baya ba.

Ƙanwarki,
daga cikin birnin Kano