Sugan yara ba laifin alewa ba ne, a duba batun bairos

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ban fili in yi magana kan ciwon suga na yara dan abun yana damuna wallahi. Da zarar an ce yaro ɗan shekara 7 ko 10 yana da suga sai ka ga an hau uwarsa da faɗa wai ita ta cika shi da alewa da lemon kwalba, wasu kuma su ce sammu ne, alhali wannan na yaran da likitoci ke kira nau'i na 1 ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Garkuwar jikin yaron ce da kanta take juyowa ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. Gado yana da hannu, amma yawancin yaran in ka bincika ba mai ciwon a gidansu, to me ke tunzura garkuwar? Nan ne masu bincike suka daɗe suna zargin ƙwayoyin bairos.

Kuma zargin ba yau aka fara ba. Tun 1969 likitoci a Ingila suka lura cewa waɗanda suga ya kama sabo-sabo, da yawansu akwai alamar wani bairos mai suna Koksaki B4 a jininsu. A 1979 kuma a Amurka wani yaro ɗan shekara 10 ya rasu da ciwon, aka ciro wannan bairos ɗin daga fankiriyas ɗinsa aka sa wa ɓeraye, su ma suga ya kama su. Wanda yafi tsaya min a rai shine binciken Oslo a ƙasar Nowe, mutum 6 da ba su daɗe da kamuwa da sugan ba suka yarda aka yi masu tiyata aka yanki ɗan guntun fankiriyas ɗinsu suna raye, ka ji sadaukarwa, kuma aka tarar da alamar bairos dangin su Koksaki a ciki. Daga nan sai likitocin suka ce to bari mu gwada maganin bairos mu gani, suka ɗauki yara 96 da ba su daɗe da kamuwa da sugan ba, kusan rabi aka basu magani kala biyu na wata 6 sauran kuma aka basu na wofi wanda ba magani a cikinsa, da sakamako ya fito a 2023 sai ga waɗanda suka sha maganin jikinsu yana yin insulin fiye da na sauran bayan shekara ɗaya. Ba warkewa suka yi ba fa, kar wani ya je kemis yana neman magani, har yau likitocin ma ba su ce bairos kaɗai ke kawo ciwon ba, kuma yara nawa ne ke kamuwa da bairos ɗin su yi ɗan zazzaɓi su miƙe lafiya lau.

Wannan Koksaki ɗin dangi ɗaya suke da bairos ɗin shan inna, ta bahaya da hannu mara wanki da gurɓataccen ruwa yake yawo. Amma kar a ce ciwon ƙazanta ne a sake samun abun gorantawa iyaye, dan Finland da ke cikin ƙasashen da suka fi ko'ina yawan yara masu wannan sugan ba wanda zai kira su ƙazamai.

Ni inda nake so a tsaya a duba shine nan gida. Yaro ya yi zazzaɓi ya tashi, bayan wani lokaci sai ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari kullum, wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, yana ci yana ramewa, tururuwa na bin inda ya tsuguna, sai a kai shi kemis a ce maleriya ce ko taifot a yi ta allura, har sai ya fara amai da ciwon ciki yana numfashi da ƙyar, wani ma a ɗaura masa ƙarin ruwa mai suga ba tare da an gwada shi ba, Innalillahi. Gwajin nan fa ɗigon jini ɗaya ne a ɗan yatsa, ko minti ɗaya baya kaiwa.

Ina roƙon gwamnonin mu da kwamishinonin lafiya su sa na'urar gwajin suga da tsinkenta a kowane asibitin sha ka tafi, a horar da ma'aikata su riƙa gwada duk yaron da ya zo da waɗannan alamun, sannan a sauƙaƙa kuɗin insulin, dan yaron da ya kamu allurar nan zai yi ta yi kullum har ƙarshen rayuwarsa kuma ba wani jiƙo ko rubutu da zai maye gurbinta. Ku ma Malam Edita dan Allah ku samo likitan yara ya yi mana bayani a shafinku na lafiya.

Wassalam.

Daga wata uwa, Zariya.