Ba kowane tarin jini ne tibi ba, a riƙa duba funfunar huhu

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni fili in yi magana kan wata cuta da nake gani a wajen aikina na jinya, wadda mutane ba su ma san da ita ba.

Mutum zai gama shan maganin tarin fuka, wato tibi, na wata 6 cif, a ce ya warke, amma tarin na nan, kaki da jini, ga rama ga kasala, a kai kakin gwajin GeneXpert ya nuna babu tibi, duk da haka sai a sake ɗora shi kan maganin tibin, ko dangi su ce sammu ne a tafi ƙauye. Alhali sau da yawa funfuna ce, irin wadda muke gani a jikin gyaɗa da masarar da ta sha danshi a rumbu, likitoci na kiranta Aspergillus. Dukkanmu muna shaƙarta kullum, mai lafiya ba ta yi masa komai, amma tibi yakan bar rami a huhu, nan take samun wurin zama ta dunƙule har a gan ta a hoton ƙirji. Akwai gwajin jini da ke nuna ta, sai dai asibitoci ƙalilan ne ke yi.

Masu cuta mai karya garkuwar jiki su kuma in CD4 ɗinsu, wato adadin ƙwayoyin garkuwa a jini, ya sauka ƙasa da 200 akwai wata funfunar mai suna Pneumocystis da ke sarƙe musu numfashi, shi ya sa ake ba su Septrin, kar a raina ƙwayar nan. Haka masu kansa, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne 'yan matanmu masu shan Dexamethasone don su yi ƙiba, wlh garkuwarsu suke rusawa da hannunsu, mun ga yadda cutar funfuna ta ɓarke a Indiya a 2021 lokacin korona da irin wannan magani ya haɗu da ciwon suga.

To maganin funfunar ma ba sauƙi ne da shi ba, gaskiya sai an faɗa. Amphotericin B da ake sawa a ƙarin ruwa, za ka ga majinyaci na rawar ɗari har gadon na motsi, yana taɓa ƙoda, dole a riƙa gwajin jini akai-akai. Voriconazole yana sa mutum ganin walƙiya ko launuka su sauya masa, rana kuma tana ƙona masa fata, ka ga kuwa ranar garinmu. Itraconazole ana shan shi aƙalla wata 6, yana iya kumbura ƙafa ya taɓa hanta, in ido ya yi rawaya a koma asibiti a ranar, kar a jira. Sannan ba ya jituwa da Rifampicin na tibi, in aka haɗa su kuɗi kawai aka zubar don ba zai yi aiki ba. Fluconazole ɗin da ake saye a kemis kuwa ba ya kashe Aspergillus sam.

Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 masu haɗari, Aspergillus na sahun gaba. Roƙona ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu shi ne a kai gwajin jinin nan na gano Aspergillus cibiyoyin tibi, a kuma sassauta kuɗin maganin yadda aka sa na tibi kyauta, don talaka ba zai iya saye har wata shida ba.

Na gode,
Wani ma'aikacin jinya, daga Kano