A kai ɗalibanmu Kafin Madaki da ƙofofin Bauchi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi kira ga shugabannin makarantu da iyayen yara a jihar Bauchi, kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: 'ya'yanmu suna haddace tarihi daga allo, amma ba a kai su su ga gine-ginen da tarihin ya bar mana.

Ni malamin tarihi ne a sakandare har na yi ritaya. Bara Allah Ya nufe ni da zuwa Masar duba ɗana da ke karatu a can, ya kai ni ganuwar da Salahuddin Al-Ayyubi ya fara ginawa a 1176 a kan tudu a birnin Alƙahira, inda daga cikinta aka yi mulkin Masar kusan shekara 700. Mai yi mana jagora ba ya wuce gini sai ya faɗi dalilinsa. Ya nuna mana siraran tagogin maharba, masu ƙunci ta waje da faɗi ta ciki, domin na ciki ya juya bakansa yadda ya so, kibiyar na waje kuwa ta rasa hanyar shiga. Ya yi mana bayanin rijiyar da ake kira Rijiyar Yusufu, wadda aka fafe cikin dutse kusan mita 90, shanu ne ke juya na'urar jawo ruwan, don ko an yi wa ganuwar ƙawanya ƙishirwa ba za ta sa a buɗe ƙofa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne 'yan makaranta da na gani ayari-ayari, kowa da littafinsa, suna ta jefa wa malamansu tambayoyi.

To mu ma muna da abin nunawa. A Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, akwai Gidan Madaki, aikin Babban Gwani, maginin nan na Zazzau da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya. Tun 1956, kafin ma a sami 'yancin kai, aka sanya gidan cikin kayan tarihi na ƙasa. Duk wanda ya shiga soron ya ɗaga kai zai ga ilimi. Azara ba ta da tsawon da za ta ratsa babban ɗaki ita kaɗai, sai magini ya riƙa ɗora ta hawa-hawa daga bango, yana ɗaurewa yana yaɓe ta da ƙasa, har bakunan su haɗu a tsakiya su ɗauki rufin. Wannan shi ne ɗaurin guga. Azarar kuwa ta giginya ce, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Babu siminti, babu rodi, ga kuma sanyi a ciki ko da tsakar bazara. Malamin lissafi da na kimiyya duk suna da darasi a wannan soro, ba na tarihi kaɗai ba.

Ga kuma birnin Bauchi kansa, wanda Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa wajen 1809 ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10. Yawancin ganuwar ta zube, gidaje sun hau gurbinta. Sunayen Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Dumi, Ƙofar Wambai da Ƙofar Nassarawa suna bakin kowane ɗan acaɓa, amma yaro nawa ne zai iya faɗa maka mene ne badala, ko me ya sa ake haƙa gwalalo a bayan ganuwa, ko wane aiki sarkin ƙofa yake yi idan magariba ta yi? Wallahi abin yana damuna, domin dattawan da suka ga ganuwar da tsayinta suna ta ƙarewa.

Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne kowane aji ya samu rana ɗaya a shekara ta irin wannan ziyara. Na cikin gari ko mota ba sa bukata, da ƙafa za su zaga ƙofofin. Kafin Madaki kuwa tafiyar safe ce a dawo kafin la'asar, kuɗin mai bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba. Ina kuma roƙon masarautarmu mai daraja, Allah Ya ƙara wa Sarki lafiya, ta sa a kafa allon bayani da Hausa, da boko da ajami, a kowace ƙofa, ta kuma haɗa makarantu da tsofaffin magina, domin su ne za su nuna wa yara yadda ake cuɗa ƙasa a yi tubali da yadda ake shafa makuba don ruwa kada ya ci bango. Mu tsofaffin malamai a shirye muke mu yi rakiya kyauta idan an neme mu.

Wassalam.

Naku,
Malamin tarihi mai ritaya,
Unguwar Jahun, Bauchi.